An ce za a yanke jijiyar hantar Baba a ɗinke. In sa hannu?

Gwaggo, salamu alaikum. Daga Mabera, cikin Sakkwato, nike rubuto miki, kuma ni ne babba gidanmu. Mahaifinmu shekararsa 61, hatsi shike saidawa. Wata ukku da sunka wuce idanunsa sunka canza, munka ɗauka shawara ce, anka yi ta jiƙa mashi rawaya. Sai ƙaiƙayi, sai rama. Da munka kai shi asibiti anka yi hoto, likita ya ce kansa ce, wato ciwon daji, a kan wata gaɓa da ake kira fankiriyas, kuma ta manne ma wata babbar jijiya mai kai jini hanta. An sa mashi ɗan bututu a hanyar maɗaciya, idanun sun washe. Yanzu sun ce za a fara ba shi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, in ta karɓe shi a yi aiki, a yanke wurin jijiyar da ya taɓu a ɗinke, ko a ciro wata daga wuyansa a jona. Baffanmu ya ce sam, daji ba ya son ƙarfe, kuma shi bai taɓa jin an yanke jijiyar rai mutum ya tashi ba. Baba bai san kansa ce ba, ciwon hanta munka ce mashi. Ni anka ce in sa hannu ga takarda. Barci ya ƙaurace mani. Mi kika gani game da wanga aiki?

Wa alaikas salam, ɗana. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce, kai kuma Ya ba ka ladan ɗawainiya. Sau uku na karanta saƙonka kafin in fara amsawa, domin na ga kayan da aka aza maka sun fi ƙarfin kai ɗaya.

Ga ra'ayina tun daga farko. Yanke jijiyar nan da ɗinke ta bai isa ya zama dalilin ƙin aikin ba. Aiki ne sananne, kuma a hannun da ya ƙware mutane na tashi su koma gida da ƙafafunsu. Amma kada ka sa hannu yanzu. Akwai tambayoyin da ba ku yi ba tukuna, sannan hannun da ya kamata ya hau takardar nan na Baba ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, mafi yawan shekarun aikina a ɗakin tiyata na yi su, wasu a nan gida, wasu a Saudiyya. Likitocin da suka ga hotonsa su ne masu magana kan jikinsa. Nawa shi ne in sa ka gane abin da suke nufi, yadda in ka koma gabansu ba za ka zauna kana gyaɗa kai kawai ba.

Ka tuna ranar Layya in an feɗe rago an zaro kayan ciki. Ɗaga hantar ka dubi ƙarƙashinta, kusa da inda maɗaciya take manne, za ka ga wata ƙofa da jijiyoyi ke shiga. Mafi kauri a cikinsu, mai laushi, mai duhu-duhu, ita ce ake magana a kai. In ka bi ta da yatsa za ka ga ta taso ne daga tantanin nan mai kitse da ke riƙe da hanji, inda ƙananan jijiyoyi suka bazu kamar saiwoyi. A cikin ɗan Adam ma haka take. Likitoci na kiran ta jijiyar fotal. Tsawonta wajen santimita 8, kaurinta kamar ƙaramin yatsa. Galibin abin da Baba ya ci, fura ce ko tuwo, in hanji ya tsotse amfaninsa ta nan yake bi ya isa hanta. Kusan kashi 3 cikin 4 na jinin da ke shiga hanta ita ke kawo shi. Baffa bai yi kuskure ba da ya kira ta jijiyar rai.

Ita kuwa fankiriyas gaɓa ce doguwa mai kama da harshe, kwance a bayan tumbi. Ita ke yin ruwan narkar da abinci, musamman maiƙo, ita ke yin insulin mai daidaita sukari. Jijiyar hanji da jijiyar saifa suna haɗuwa su zama fotal daidai bayan wuyanta, jiki da jiki. Bututun maɗaciya kuma ta cikin kanta yake ratsawa kafin ya zuba a hanji. Shi ya sa ƙari, ko bai kai goro girma ba, in ya fito a wurin nan sai ya toshe bututun: ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi, bayan gida ya yi fari, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi. Da ya ɗan ƙara girma sai ya jingina da jijiyar, don ba shi da wani wurin zuwa. Kada ku zargi kanku kan jiƙon da kuka yi, kusan kowane gida a garin nan da shi zai fara. Amma ina roƙon masu karatu su riƙe wannan: shawarar da ta kama dattijo, ba zazzaɓi, ba wani ciwo, ga rama, a makon farko ake kai ta hoto.

To me ya sa sai an yanke? Burin aikin kansa shi ne a fitar da ƙarin a dunƙule, da lafiyayyen nama kewaye da shi. In likita ya tsaya kankare shi daga jikin jijiya, ko dai bangonta, wanda siriri ne ƙwarai, ya yage jini ya ɓalle, ko kuma a bar ɓurɓushin ciwon a manne ya sake tsiro cikin 'yan watanni. Ɗauke guntun jijiyar tare da ƙarin ya fi aminci. Sau da yawa ma in an kai naman ɗakin gwaji sai a ga kansar ba ta ci bangon ba, kumburi ne ya manne su, amma ba mai iya rarrabe wannan da ido a tsakiyar aiki.

Abin da ke raba gardama wata jijiyar ce ta daban da ke kwance kusa da ita, mai harbawa, wadda ke kawo jini daga zuciya zuwa hanji. In ƙari ya naɗe wannan fiye da rabin kewayenta, galibi ba a shiga aiki. In kuwa fotal ce ta taɓu, kuma akwai lafiyayyen wuri sama da ƙasa da za a kama a ɗinka, ƙofa a buɗe take. Cikin mutum 10 da aka gano wa wannan ciwo, 2 ne kacal, ko ma ƙasa da haka, ake samun damar yi wa aiki. Maganar da ta hana ka barci, a wurin iyalai da yawa ita suke addu'ar su ji.

Yadda ake gyaran kuwa, je ka fadamar Kwalkwalawa da rani ka kalli masu ban ruwa da tiyonsu. In ɗan gefe ne kawai ya taɓu, sai a yanke gefen a ɗinke. In wurin ya fi haka faɗi, ɗinkewa kai tsaye zai tsuke hanya, sai a sa faci, daga tantanin cikin mai jinyar ko guntun wata jijiyarsa, ko tantanin zuciyar saniya da aka sarrafa don wannan aiki. In ƙarin ya zagaye, sai a datse sama da ƙasa a jawo bakin biyu a haɗa, kuma wannan yakan yiwu in guntun da aka cire gajere ne, kamar santimita 2 ko 3. Sai in tazarar ta yi yawa ake jona wata. Nan ne maganar wuya ta shigo, kuma na san ita ta fi ba ku tsoro. Manyan jijiyoyin da ke sauko da jini daga kai biyu ne, dama da hagu. In an ɗauki ɗaya, ɗayar na ɗaukar aikin. Wasu likitocin sun fi son guntun jijiyar ƙodar hagu, saboda tana nan kusa cikin ciki kuma ƙodar na da wasu ƙananan hanyoyin da jininta zai bi. Akwai bututun roba na musamman, amma da yawa ba sa son sa shi kusa da hanjin da aka buɗe, don gudun ƙwayoyin cuta da daskarewar jini. Irin wannan gyara har babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafafu da ƙoda zuwa zuciya ana yi wa, in kansar ƙoda ta kutsa cikinta.

Ban manta ranar da na fara ganin aikin ba. Likitan ya ce a dubi agogo, ya sa ƙarfen matsewa sama da ƙasa, ɗakin ya yi tsit. Hanjin da yake ja-ja yana sheƙi ya fara duhu yana kumbura a gaban idonmu, domin jini na shiga ba ya fita. Na miƙa masa zare shuɗi mai sirantar gashi. Yana sanye da tabarau mai ƙara girma, yana ɗinki ba ya ɗaga kai, mai ba da maganin barci na faɗin mintuna. Da ya zagayo bai tsuke ƙullin ba, ya bar ɗan sarari. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce in jini ya cika jijiya buɗewa take yi, in ka tsuke zaren sai ta zama kamar bakin buhun da aka ɗaure. Minti 20 da 'yan kai aka saki ƙarfen. Jijiyar ta cika, sararin nan ya shige, hanji ya dawo da launinsa a hankali. Kwana 12 bayan nan na gamu da mutumin a baranda yana takawa, ɗansa na riƙe da hannunsa.

Baffa ya ce bai taɓa ji ba, kuma gaskiyarsa, ba aikin da ake yi kullum ba ne a wajenmu. Amma ba sabon abu ba ne. Tun 1912 aka ba wani likita ɗan Faransa, Alexis Carrel, kyautar Nobel kan dabarar ɗinka jijiyoyin jini. A 1935 Allen Whipple na Amurka ya bayyana aikin cire kan fankiriyas, shi ya sa za ka ga sunansa a takardun Baba. A 1973 Joseph Fortner ya bayyana cire ta tare da jijiyar. Yau a manyan cibiyoyin wannan aiki, gyaran fotal na cikin abin da ake shirya wa tun kafin a shiga.

Maganar daji ba ya son ƙarfe kuwa, na san daga inda ta fito, don na ga abin da ke haifar da ita. Mutum zai yi shekara yana fama, a kawo shi ciwo ya riga ya watsu, a buɗe a tarar ba abin yi, a rufe, ya cika bayan makonni, dangi su ce wuƙa ce. Ciwon ne ya riga wuƙar. Amma a cikin tsoron Baffa akwai ƙwayar gaskiya: tsaga ƙari ta tsakiya, ko wanzami ne ko likita, na iya yaɗa shi. Don kada ƙarfe ya ratsa ƙarin ne ake zagaye shi a ɗauke har da jijiyar da ya riƙe. Ka gaya wa Baffa haka, ku biyu, ba cikin taro ba. Ɗan'uwansa ne, tsoron rasa shi yake yi. Ka roƙe shi ya raka ku ganin likita, a zana masa a takarda, ya yi tambayarsa da bakinsa; gani ya kori ji. In ya kawo maganar tawakkali, ka tuna masa cikin ladabi da hadisin Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar mata da magani, da umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa bayin Allah su nemi magani.

Yanzu ga ɓangaren mai ɗaci, kuma ba zan sa masa zuma ba. Wannan na cikin manyan ayyukan da ake yi a cikin mutum. Ana cire kan fankiriyas, farkon ƙaramin hanji, maɗaciya da guntun bututunta, wani lokaci da ɗan ɓangaren tumbi, sannan a sake haɗa komai. Yakan ci awa 6 zuwa 8. A cibiyoyin da suke yin sa da yawa, waɗanda ke rasuwa sanadin aikin ba su kai 5 cikin 100 ba; inda ba a saba ba, adadin ya fi haka nesa. Ko a wurin ƙwararru, kusan 4 cikin 10 na gamuwa da wata matsala bayan aiki. Abin da muka fi tsoro ma ba jijiyar ba ce, ɗinkin da ke haɗa ragowar fankiriyas da hanji ne. In ya yi yoyo, ruwan da aka halitta don narkar da nama sai ya zuba cikin ciki. Akwai kuma yiwuwar a shiga a tarar da ƙananan ƙurajen kansa a hanta da hoto bai nuna ba, a fasa cirewa, a yi wa maɗaciya da abinci hanya kawai. Ko an cire tas, ciwon na dawowa ga mafi yawan mutane. Duk da haka, aiki tare da kemo ne kaɗai ke da damar warkarwa ko ba da shekaru. A 2018 aka fitar da sakamakon wani babban bincike na Faransa da Kanada: waɗanda aka yi wa aiki sannan aka ba su haɗin magungunan da ake kira FOLFIRINOX, rabinsu sun wuce wata 54 a raye, waɗanda aka ba magani ɗaya mai suna jemsitabin kaɗai kuwa wata 35. Masu ƙarfin jiki ne aka zaɓa a binciken, kuma rai na hannun Allah, amma ka ga tazarar da ke tsakanin wannan da 'yan watannin da ciwon ke bari in an ƙyale shi.

Kemon da suka ce a fara da shi kada ku ɗauke shi jan ƙafa. Yana iya janye ƙarin daga jikin jijiya, yana bin ƙwayoyin da suka fita waɗanda hoto ba ya gani, kuma yana nuna halin ciwon. In a cikin watannin nan ya bazu duk da magani, to an tsare Baba daga babban yankan da ba zai amfane shi ba. Za su riƙa auna wani abu a jini mai suna CA 19-9, su sake hoton cikin jiki da ake kira siti. Hukuncin ƙarshe sai bayan wannan hoton, kuma bai kamata ya wuce mako 4 da ɗauka ba ranar da za a shiga aiki. Saboda haka kana da lokaci. Ka yi amfani da shi.

Ka koma wurin likitan da ɗan littafi a hannu. Ka tambaye shi aikin Whipple nawa suka yi bara, kuma a nawa aka gyara jijiya. Wa zai ɗinka ta, shi ko likitan jijiyoyi, kuma zai kasance a ɗakin tun farko? An tanadi gado a ɗakin kulawa ta musamman? Jini leda nawa ake so? Sannan tambayar da mutane ba sa yi: in jini ya ɓalle da tsakar dare, mako guda bayan aiki, wa zai taso, kuma za a iya yin hoton siti a daren? Likitan kirki ba ya fushi da waɗannan. Wasu ma da kansu za su ce maka ga inda ya fi. Neman ra'ayi na biyu a Zariya, Kano ko Abuja ba raini ba ne. Ka tafi da ainihin hoton a faifai, ba takardar bayani kaɗai ba, don likitan fiɗa da idonsa yake son ganin jijiyar. Kuma ba dole ba ne komai a wuri ɗaya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da sashen masu kansa, har daga Kebbi da Zamfara da Nijar ake zuwa. Mutum na iya shan kemo kusa da gida, a yi aikin inda aka fi sabawa da shi, muddin likitocin biyu na magana da juna. In zancen Indiya ko Masar ya taso, ku yi hattara da dillalai. Ku nemi sunan likita, kuɗin a rubuce har da na matsala in ta taso, da wanda zai ci gaba da duba shi in ya dawo.

Na zo kan abin da ya fi damuna a saƙonka. Baba mutum ne mai shekara 61, da hankalinsa, yana auna hatsi yana lissafin bashi. Za a sa masa maganin da zai kayar masa da jiki wata da watanni, a yanka cikinsa, ƙila da wuyansa, yana zaton ciwon hanta ne. Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da ya zauna a ɗakin kemo zai ji na kusa da shi na faɗin sunan ciwonsu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba mai jinya haƙƙin sanin halin da yake ciki da zaɓin da ke gabansa. Amma ni ba doka ce ta koya mini ba.

Yayana ne. Kansar ciki ce ta kama shi, muka haɗa baki muka ce gyambon ciki ne, kuma ni ce na fi kowa dagewa, da sunan na san asibiti. Wata biyar muna masa murmushi. Kwana biyu kafin ya rasu ya riƙe hannuna ya ce: "Kin sani tun farko. Ni ma na sani. Kun bar ni ni kaɗai da shi." Ya tafi da amanar mutane da bai warware ba, mun kai shekara muna bin wa ke binsa, wa yake bi. Kuɗin mun biya. Watanni biyar ɗin da ya yi ba wanda zai gaya wa tsoronsa, su ne har yau ban san yadda zan biya ba.

Ɗan kasuwa kamar Baba yana da bashi ciki da waje, yana da ajiyar mutane, yana da maganar da yake son bar wa Inna da ƙannenka. Hadisin Ibn Umar ya ce bai dace Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba. In kun ɓoye masa, kun hana shi wannan. Ba cewa nake ka faɗa masa gatsau ba. Ka fara sanar da Inna. Sannan ka nemi likita ya ware muku lokaci, a tambayi Baba tukuna: kana son a gaya maka komai, ko ka fi son a yi magana da ɗanka? In ya ce ya wakilta ka, to ka sa hannu da zuciya ɗaya, don shi ya ba ka. In ya ce a faɗa masa, a faɗa a hankali, gwargwadon abin da ya tambaya. In kuma ya ji komai ya ce ba ya son aikin, wannan ma haƙƙinsa ne, kuma ba a rufe masa ƙofar kulawa ba: akwai kemo, akwai canjin bututu in ya toshe, akwai maganin ciwo mai ƙarfi har morfin, kuma ba laifi ba ne a ba shi.

Akwai abin da gara ku ji yanzu da ku tsince shi a jikin kwali. Allurar hefarin da ake yi don kada jini ya daskare a jijiyar da aka ɗinka, galibinta daga hanjin alade ake tace ta. Ƙwayoyin narkar da abinci da zai iya buƙata bayan aiki, irin su Creon, su ma daga alade ake samun su. Aya ta 173 a Suratul Baƙara ta yi maganar wanda larura ta tilasta wa, kuma malamai na fatawa a kanta in babu madadi. Ku je wurin malamin da Baba ya yarda da shi tun yanzu, ku tambayi likita ko akwai madadi, kada a zo bayan aiki ya ƙi sha. Rashin ƙwayoyin nan ne ke sa mutum zawo mai maiƙo da ramar da ba ta tsayawa. Azumi kuma, a watannin kemo da bayan aiki, yana cikin waɗanda aka yi wa rangwame.

In Allah Ya sa an yi an dawo gida, abinci kaɗan-kaɗan sau shida ya fi kwano biyu, domin tumbin kan yi nawa na wani lokaci. A riƙa auna sukari. Ya riƙa takawa ko daga ɗaki zuwa zaure ne. Ruwa kuwa kada a yi wasa da shi, musamman in abin ya faɗo a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40. Jikin da ya bushe jininsa ya fi saurin daskarewa. In ciki ya fara kumbura yana tara ruwa, ko ciwon ciki mai tsanani ya taso, ko zazzaɓi, ko aman jini, ko baƙin bayan gida, ko jini ya bayyana a robar da aka bari a cikinsa tana tsiyayar da ruwa, komai ƙanƙantarsa, a tafi asibiti a sa'ar, ko ƙarfe biyun dare ne. Ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. Sauran kemon kuma ana son a koma masa cikin mako 12 bayan aiki, don haka kada kuɗi su ƙare a kan aikin kaɗai.

Zancen kuɗin, ku zauna da 'yan'uwa ku yi lissafin tafiyar gaba ɗaya kafin a sayar da gona ko shago. In Baba na da inshorar lafiya a bincika abin da take ɗauka. Ku kai takardunku Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, tana taimaka wa marasa lafiya, kuma ba abin kunya ba ne ga mutumin da ya yi shekaru yana fitar da zakkar hatsinsa. Ka fara rubuta sunayen samarin gidanku da abokanka da za su ba da jini, a gwada rukuninsu tun yanzu.

Amma kafin duk wannan, daren yau in an idar da isha'i, ka shiga wurin Inna ka zauna. Gobe ka kira likitan ka ce masa kuna son ranar da zai zauna da ku huɗu, kai da Inna da Baffa da Baba, ya zo da takarda da biro. Ka sake rubuto mini in an yi hoton na biyu.